Amsa: Yara sun shiga makaranta, rubutuna ya tsaya

'Yar'uwa, kin ce tunda yaranki suka shiga firamare labarin da kike rubutawa ya tsaya cak. Ni ma a Jos nake kuma wallahi zangon farko na sha wuya, ga sanyin safiya ga dafa ruwan wanka ga abincin da za su tafi da shi, kafin ka ankara ka gaji liƙis. Dabarata ita ce da na sa su a keke ƙarfe 7:30, ba na taɓa wanke-wanke sai na rubuta shafi biyu ko a waya ne, kwanuka ai ba guduwa za su yi ba. Bayan azahar kam ki haƙura, aikin gida ne da Islamiyya. Ranar Asabar ki bar wa babansu su ko na awa biyu.