Amsar tambayar Anti kan aikin gidan 'yarta

Assalamu alaikum jama'ar gida, Anti na ji saƙonki tun ɗazu, kin ce an ba 'yarki aikin gida a kan yadda ake zaɓen iri a inganta amfanin gona, kin karanta mata abin da ke littafi ta yi miki zuru. To ni dai shawarata ki ajiye littafin nan tukuna, yarinya 'yar shekara tara ba ma'anar kalma take so ba, abin da za ta taɓa da hannunta take so.

Ki samo masara kamar goyo biyar ki jera mata a faranti, wata cike fal wata da giɓi wata 'yar firit, ki ce idan ɗaya tak za ki ajiye ki shuka baɗi wacce za ki ɗauka. Za ta nuna babbar, ki ce me ya sa, duk abin da ta faɗa ki ce to kin ga abin da kika yi yanzu, shi mutane suke yi shekara dubbai, su suke zaɓar wadda za ta zama uwa.

Daga nan ki nuna mata hoton teosinte a waya, wallahi ni ranar da na fara gani ban yarda ba, wata ciyawa ce a Meziko, kanta bai kai tsawon yatsa ba, ƙwaya biyar zuwa sha biyu kuma kowacce cikin ɓawo mai tauri kamar tsakuwa, ita ce fa kakar masara, kimanin shekara 9,000 da suka wuce aka fara zaɓenta. Ki sa hoton kusa da masarar da ke hannunta ki yi shiru ki barta ta kalla.

Wanda ya fi burge ni ma alkama ce. Ta daji in ta nuna zubar da ƙwayarta take yi ƙasa don ta sake tsirowa, to mai girbi in ya zo me zai samu, sai wadda ƙwayarta ta maƙale ba ta zube ba, ita zai kai gida ita zai shuka, a haka a haka har aka wayi gari alkamar gona ba ta iya watsa 'ya'yanta sai da mutum. Kin ga farko ba ma da niyya aka yi ba. Kabeji da burokoli da farin kabeji kuma tsiro ɗaya ne asalinsu, wani ya bi ganye wani ya bi fure.

Amma don Allah kar ki ce mata in ta shuka babbar ƙwaya sau ɗaya za ta ga canji, za ta shuka ta ga ba komai ta ce Mama ta yi mata ƙarya, abin sai an maimaita shuka bayan shuka. In kuma ta ce shi ne GMO, wato irin da masana suka sauya wa halitta, a'a, wancan a ɗakin bincike ake taɓa ƙwayar halitta kai tsaye, wannan zaɓe ne da haɗa barbara. Mendel kuma, masanin da ya yi binciken gadon halitta da waken turawa (peas) ya wallafa a 1866, ki bar shi sai ta shiga sakandare. Yauwa ki turo mana abin da ta rubuta mu gani.