Likita Ya Ƙi Rubuta Mini Gwajin Taifod, Shin Sakaci Ne?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Kusan duk lokacin da zazzaɓi ya kama ni, sai a ce maleriya ce da taifod, a haɗa mini allurai da ƙarin ruwa. Wannan karon likitan da na gani ya sa aka gwada maleriya kawai, ya ba ni maganinta, ya ce gwajin taifod na Widal ba zai ƙara masa komai ba. Na sami sauƙi, amma hankalina bai kwanta ba.
Daga wata mai karatu, Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam Malama. Likitan nan bai yi miki sakaci ba, kuma zan so a ce irinsa sun fi haka yawa.

Gwajin Widal tsoho ne, wani likita Bafaranshe ya fito da shi a 1896. Ba ƙwayar cutar yake gani ba, abin da yake aunawa shi ne garkuwar da jini ya haɗa a kanta. Mutumin da ya taso a inda taifod ya yawaita yakan zauna da wannan garkuwa a jininsa ko da lafiyarsa ƙalau, sannan maleriya kanta tana iya ɗaga sakamakon. Saboda haka alƙaluman nan da ake zagaye wa da jan biro a takardar gwaji, irin su 1/160, ba sa tabbatar da cuta a gwaji guda. Hanyar da ta fi inganci ita ce a shuka jinin a ɗakin gwaji a ga ko ƙwayar za ta tsiro, ko da yake ba kowane asibiti ne ke da kayan yin hakan ba.

Maleriya kuwa gwajinta na da amfani, domin tun 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a gwada kafin a ba da magani. Wannan tunani na tantance abin da ya wajaba shi ne ya haifar da shirin Choosing Wisely a Amurka a 2012, inda ƙungiyoyin likitoci suka riƙa fitar da jerin gwaje-gwaje da magungunan da bincike ya nuna ana yawan yin su ba tare da buƙata ba.

Abin da ya fi damuna shi ne abin da ke biyo bayan sakamakon ƙarya. Za a ɗora wa mutum kwalaben allurar kashe ƙwayoyin cuta, ya kashe kuɗin cefanen mako biyu, alhali ainihin abin da ke damunsa, wataƙila ciwon mafitsara ko na huhu, ba a ma neme shi ba. Ƙwayoyin kuma suna sabawa da maganin har ya daina yi musu aiki. A lardin Sindh na Pakistan, a 2016, an sami ɓarkewar taifod da ya ƙi jin yawancin magungunan da aka saba da su, har da ceftriaxone, allurar da ake yawan yi wa mutane a nan. Ƙarin ruwa kuma na wanda jikinsa ya bushe ne ko amai ya hana shi sha.

Idan zazzaɓi ya wuce kwana 3 bayan fara magani, ko ya zo da matsanancin ciwon ciki, jini a bayan gida, ko rikicewar hankali, ki koma asibiti a ranar, domin a lokacin ne neman taifod ya zama dole.