Filin Tambaya da Amsa: Kalmomin Yayi a Bakin Ɗalibai da 'Yan Jarida

Tambaya: Malam, ni malamar Hausa ce a wata makarantar sakandare da ke Mabera a cikin garin Sakkwato. Duk insha'in da na ba ɗalibaina sai na tarar da "masu ruwa da tsaki", "duba da", "jajircewa" da "ya sha alwashi", kamar yadda suke ji a rediyo. Shin in hana su, ko kuwa ci gaban harshe ne?

Amsa: Malama, Allah ya saka da alheri. Kalmomin nan Hausa ce ingantacciya, saboda haka hani ba shi ne magani ba. Matsalar ita ce an maimaita su har sun salance, sun kuma zama mafaka ga wanda ba ya son ya faɗi abin da ya faru.

Yawancinsu daga ɗakin labarai suka fito. Tun da aka kafa jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, aka kuma buɗe Sashen Hausa na BBC a 1957, kafafen yaɗa labarai suke ba Hausawa sababbin kalmomi, kuma da dama sun amfane mu. Sai dai a yau mai fassara yakan karɓi sanarwar gwamnati da Turanci ana saura 'yan mintoci a karanta labarai, don haka yakan ɗauki lafazin da ya fi kusa da hannunsa. Bayan komawa mulkin farar hula a 1999 kuma, 'yan siyasa suka ƙaro nasu, irin su "romon dimokuraɗiyya", wanda ake kiran rijiyar burtsatse da shi, ake kuma kiran buhun shinkafa da shi.

Wadda ta fi damuna ita ce "masu ruwa da tsaki", domin tana ɓoye mai alhaki. Idan ɗaliba ta rubuta cewa ya kamata masu ruwa da tsaki su jajirce a kan matsalar ruwan sha, ba ta gaya mana cewa famfon unguwarsu ya ƙafe ba, ba ta faɗi nawa ɗan garuwa yake sayar da jarka ba, ba ta kuma ambaci ko kansila ne ko hukumar ruwa ya kamata a tambaya ba. Haka nan alwashi magana ce mai nauyi, amma yanzu ko kwata shugaba ya ce zai yashe, sai a ce ya sha alwashi, kuma babu mai komawa ya bincika ko an yashe.

A Facebook abin ya fi muni, inda ake liƙa "da ɗumi-ɗuminsa" a kan labarin shekaranjiya. Wasu ma sukan buɗe da "Innalillahi" don kawai a latsa, alhali kalma ce da Musulmi yake furtawa idan musiba ta auku, kuma wannan bai dace ba ko kaɗan.

Shawarata ita ce ki ja layi a ƙarƙashin kowace irin wannan kalma, ki rubuta a gefe: wane ne, me ya yi, yaushe? Idan ɗalibi ya amsa, ki sa shi ya sake gina jimlar da amsar da ya bayar. Ki kuma tura su wurin kakanninsu su saurari yadda ake ba da labari da Sakkwatanci, su rubuto shi da daidaitacciyar Hausa, sannan ku kwatanta shi a aji da labaran rediyo na wannan rana.