Kada a taɓa fadamar nan, ga amsar tambayarki

Ƙanwata,

Saƙonki ya same ni ina aikin dare, sai yau na samu sukuni. Kin ce wani dillali a Kano ya yi miki alkawarin bizar aikin kula da tsofaffi a Ingila, har Baba ya fara zancen sayar da fadamar bakin kogi. Kin kuma tambayi yadda ake koyon aikin sauraron masu damuwa da tallafa musu, tunda can zuciyarki ta karkata.

Kada a taɓa fadamar. Tun watan Maris na 2024 aka hana masu irin wannan biza tahowa da miji ko 'ya'ya, kuma ranar 22 ga Yuli 2025 gwamnatin Birtaniya ta daina barin a ɗauko sababbin ma'aikatan kula daga waje. Ki gaya wa Baba ni na faɗa, in bai gamsu ba ya kira ni bayan isha'i.

Shi kuwa aikin da kike so, a nan Ingila hawa-hawa ne. Ana fara kwas ɗin mataki na 2, sai na 3, sai difloma ta mataki na 4, wadda sai mutum ya yi awa 100 yana zama da masu damuwa, wani gwani na bibiyar aikinsa. Ni na 3 na gama. Amma abin da ya fi ba ni wuya babu shi a takarda.

Makonmu na farko aka raba mu uku-uku: mai magana, mai sauraro, mai lura. Wata dattijuwa ta fara ba ni labarin ɗanta da ya ƙaurace mata. Ko numfashi ba ta sauke ba na ce ta yi haƙuri, ɗa ba ya fushi da uwa har abada, na ɗora da labarin Gwaggo da Yaya Babba. Ni a raina na yi bajinta. Da aka zo bita, mai lura ta ce daga inda na buɗe baki matar ba ta ƙara cewa komai ba. Wallahi sai da na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Da nasiha aka raine mu, kuma ban raina ta ba. Sai dai ki lura, sau tari in muka ce wa mutum "yi haƙuri", abin da ke shiga kunnensa shi ne "ya isa haka, yi shiru". Wani masanin halayyar ɗan Adam na Amurka, Carl Rogers, ya rubuta tun 1957 cewa mai taimako na buƙatar ya ji zafin abu yadda mai shi ke jin sa, kada ya yi fuska biyu, kuma ya karɓi mutum ba tare da yanke masa hukunci ba. Na ƙarshen nan ne ya fi wuya. Yaron da ke shan kodin zai zauna gabanki. Ba a ce ki yarda da shan ba, an ce kada fuskarki ta kore shi kafin ya faɗi abin da ya kai shi.

Sauran dabarun hannu ne, da yi ake ƙwarewa. Maimakon "mijinki na dukanki?", wadda amsarta "a'a" ce ko da kumburi a fuska, sai ki ce "yaya zaman gidan yake kwana biyun nan?" Ki maimaita mata abin da kika ji da kalmominki don ta gyara miki. In ta yi shiru, ki bar shirun. Su nan suna so a kalle su cikin ido, har an taɓa cewa ina ɓoye wani abu don ina sunkuyar da kai. A gida kuwa ki zuba wa dattijo ido ki ga yadda zai ɗauke ki.

Sai sirri, kuma a ƙauye nan ne gizo ke saƙar. Abin da aka gaya miki a ɗaki bai kamata ko Inna ta ji shi a bakin murhu ba. Amma yana da iyaka, kuma tun farkon zama ake faɗa wa mutum: in yaro na cikin haɗari, ko wani na shirin halaka kansa ko waninsa, dole a sanar da masu iya tsare rai. Kada ki ji tsoron tambayar mutum kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa, tambayar ba ta saka masa tunanin. Wanda kuma ke jin muryoyi ko ya kwana biyu ba barci yana sambatu, wannan ya wuce ki, a kai shi asibitin masu taɓin hankali na Kazaure ko Dawanau.

Duk wannan ba sai kin hau jirgi ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jagoran agajin farko ga masu firgici a 2011, kyauta ne a intanet, ginshiƙinsa uku: duba, saurara, haɗa mutum da inda zai samu taimako. A Zimbabuwe wani likita, Dixon Chibanda, kakanni mata ya koya wa irin wannan, suna zama kan benci a harabar asibiti mutane na zuwa musu. Jami'ar Bayero na koyar da fannin jagoranci da ba da shawara, in kina son takarda. Ki kuma tambaya a sashen masu yoyon fitsari na Jahun ko suna karɓar 'yan sa-kai.

Kafin nan, maƙwabciyarmu da ta rasa ɗanta a gobarar tankar Majiya, kin ce har yanzu ba ta fita ko biki. Ki je da yamma ki taya ta tsince shinkafa, kada ki ɗauki nasiha ko ɗaya. Ki rubuto mini yadda kuka yi.

A gaishe da Inna. In an samu mai tahowa, kuka da daddawa sun ƙare mini.

Yayarki, daga Bradford