Tambaya da Amsa: Shirya Hilux don hanyar daji

Tambaya: Malam, ina da tsohuwar Hilux, ina so ta riƙa kai ni gonata a Doguwa da damina, amma aljihun ba nauyi. Ta ina zan fara? Daga mai karatu a Kurna.

Amsa: Ɗan'uwa, fara da tayoyi masu manyan haƙora, fenti da fitilun gayu su jira tukuna. Sannan ka ja bakanikenka zuwa Ƙofar Ruwa ku zaɓo sifirin da shoka na gwanjo da za su ɗaga motar, kada ka kuskura ka je kai kaɗai. Ni ba na son ɗagin mota ya wuce inci 2, don shaf ɗin gaba, wato ƙarfen da ke juya tayoyin gaba, shi ne ke shan wahalar. Mai walda ya ɗaura maka farantin ƙarfe a ƙarƙashin inji saboda duwatsu. Giyar taya huɗu kuwa, cire ta da ka hau kwalta.