Yadda ake karɓar maɓalli nan take a tarminal ba tare da jiran Enter ba

Ka tambayi dalilin da ya sa manhajar da ka rubuta da harshen C ba ta ganin maɓallin da aka danna sai an buga Enter. Dalilin shi ne, a Linux tarminal, wato tagar da ake buga umarni a ciki, yana tara rubutu layi guda kafin ya miƙa wa manhaja, kuma wani saitin tarminal mai suna ICANON ne ke riƙe da wannan ɗabi'a. Ka karanto saitin da ake kai ta hanyar kiran aikin tcgetattr, ka adana kwafinsa, ka kashe ICANON da ECHO (mai nuna abin da ake bugawa a allo), ka sa VMIN (mafi ƙarancin haruffan da za a jira) ya zama 1 da VTIME (iyakar lokacin jira) 0, sannan ka ɗora sabon saitin ta hanyar kiran tcsetattr. Ina ba ka shawara ka bar saitin ISIG a kunne, domin idan ka kashe shi Ctrl+C ba zai ƙara tsayar da manhajar ba.

Game da motsa alamar rubutu kuwa, ana tura jerin haruffa ne masu farawa da harafin ESC (Escape), tsarin da na'urar tarminal VT100 ta kamfanin DEC ta yaɗa tun 1978. ESC[5;10H yana kai alamar layi na 5, gurbi na 10, ESC[?25l yana ɓoye ta, ESC[?25h kuma ya dawo da ita.

Abin da na fi so ka kula da shi shi ne mayar da saitin asali kafin fita, ta hanyar atexit (mai gudanar da aiki yayin da manhaja ke fita) da kuma kama SIGINT (siginar da Ctrl+C ke aikawa), domin atexit ba ya aiki idan sigina ce ta kashe manhajar. In ba haka ba, mai amfani zai yi ta bugawa bai ga ko harafi ɗaya ba, sai ya rubuta umarnin stty sane a makance don gyara tarminal ɗin.