Tambayoyinku kan fasaha: jiniyar da ba ta taɓa kuka ba

Tambaya: Malam, ni ke kula da intanet na wata makaranta a Birnin Kebbi. Mun sayi suwic, wato na'urar da ke haɗa kwamfutoci da juna, mai wurin haɗa ƙararrawa, mai gyara ya sa mana jiniya, da na'urar jin zafi, da wadda ke nuna an buɗe ƙofar akwatin da suwic ɗin yake ciki. Wata huɗu ke nan ba ta yi kuka ba. Komai lafiya ke nan?

Amsa: Ɗan'uwa, wa ya gaya maka shiru lafiya ne? Maigadin da barci ya ɗauke shi ma shiru yake yi. Wannan abu yana damuna ƙwarai, domin kullum haka ake yi: a ɗaura waya, a rufe akwati, a biya kuɗin aiki, babu wanda ya ce a gwada a gabansa.

Fara da duba yadda aka haɗa na'urorin. Za ka ga wuraren ɗaura waya uku a jikinsu: COM, NO da NC. Waya ɗaya COM take shiga, ɗayar kuma NO ko NC. Idan an haɗa ta NO, layin a buɗe yake zaune, sai matsala ta zo ya rufe. To ranar da ɓera ya ci wayar, layin ya zauna a buɗe har abada, suwic kuwa yana ganin lafiya lau ko da akwatin yana toyewa. Idan ta NC ce, layin a rufe yake, duk abin da ya yanke shi, zafi ne ko ɓarawo ko ɓera, ƙararrawa za ta tashi. Ni NC nake sa wa kowa, kuma ba na sauraron gardama a kai. Sai dai ka shiga saitin suwic ɗin ka gaya masa cewa buɗewar layi ita ce matsala, in ba haka ba zai yi ta ihu ba dalili.

Sannan gwaji, ɗaya bayan ɗaya, kada ka haɗa su. Buɗe ƙofar, ka ga ko fitila ta koma ja. Hura wa na'urar jin zafi iskar abin busar da gashi, ban ce ashana ba. Kashe wutar Nefa daga tushe. In suwic ɗin mai wuta biyu ne, zare ɗaya. A ƙarshe kwance waya ɗaya da hannunka, ka ɗora mitar gwajin waya ka tabbatar layin ya yanke. Kowane gwaji ka bi shi har inda saƙon ya kamata ya isa. A kan suwic ɗin kamfanin Cisco na masana'antu, rubuta umarnin show facility-alarm status ka ga ƙararrawar da ta tashi. In kuna tura saƙo zuwa kwamfutar sa ido ta SNMP, wato tsarin da na'urori ke aika rahoto da shi, ku tabbatar ƙofar sadarwa (port) mai lamba 162 a buɗe take.

Daga ina jiniyar take shan wuta? In daga soket ɗin bango ne, an yi aikin banza, domin lokacin da aka ɗauke wuta shi ne lokacin da ake bukatarta. A ba ta daga batir. Kuma rilen da ke cikin suwic, wato makunnin da ke kunna jiniyar da kansa, ƙarami ne, kada a ɗora masa babbar jiniya kai tsaye, a sa wani rile a tsakani.

Batun zafi kuma, kai da ke Birnin Kebbi ba sai an ba ka labarin watan Afrilu ba, inda ake haura digiri 40 a inuwa. Yawancin suwic na ofis iyakarsu 40 zuwa 45 ne. Saita ƙararrawar ta tashi kafin a kai nan. Ka manna takarda a bayan ƙofar akwatin, kowane farkon wata a gwada a rubuta kwanan wata, a kuma kakkaɓe ƙurar hunturu daga fanka.

Tambaya: Shagona a Gusau yake. Ƙararrawata saƙon tes take turo mini ta layin waya. Ya isa?

Amsa: Alhaji, ka manta Satumbar 2021 da aka rufe layukan sadarwa a Zamfara? Ƙara jiniya da jar fitila a wurin, waɗanda ba ruwansu da sabis.

Tambaya: Daga Argungu nake. UPS ɗinmu, na'urar da ke riƙe wuta in an ɗauke, yana damunmu da ƙara cikin dare, sai na cire wayar lasifikarsa.

Amsa: Ka toshe bakin mai gaya maka gaskiya. In yana kukan ne alhali akwai wuta, galibi batirinsa ne ya gaji, ko kaya sun yi masa yawa. Mayar da wayar, ka canza batir.

Tambaya: Saƙon ƙararrawa ba ya shigowa wayata sai na buɗe manhajar.

Amsa: Hajiya, tsimin batir ne yake kashe ta a ɓoye. Shiga saitin batir ki cire manhajar daga jerin waɗanda ake takurawa, ki kuma ba ta izinin sanarwa. Sannan ki sa wani ya buɗe ƙofar akwatin alhali wayar tana kulle a hannunki, ki ga ko za ta yi ƙara.